Rijiyar mai a bakin Amazon da tsakuwar da ke da rai: ina ruwanmu a Ghana?

A ranar 20 ga Oktoba 2025, saura mako uku a buɗe taron sauyin yanayi na duniya, COP30, a birnin Belém, hukumar kula da muhalli ta Barazil, IBAMA, ta ba kamfanin mai na gwamnati, Petrobras, lasisin haƙa rijiyar gwaji a cikin teku. Wurin yana da nisan kimanin kilomita 175 daga gaɓar jihar Amapá, kilomita 500 kuma daga inda Kogin Amazon ke zuba. Ita dai wannan hukuma ce ta hana Petrobras wannan lasisi a Mayun 2023, ita ce kuma ta sallami kamfanin Total na Faransa hannu rabbana a Disamban 2018. Abin da ya sauya a tsakani ba boyayye ba ne. A Fabrairun 2025 Shugaba Lula ya fito fili ya yi ƙorafin cewa hukumar tana jan ƙafa kamar ba ta gwamnati ba ce, a watan Yuni kuma aka yi gwanjon wasu filayen mai 19 a wannan yanki, Petrobras da ExxonMobil da Chevron da CNPC na China suka kwashe.

Yawancin sharhin da aka yi ya tsaya ne a kan baki biyu: mai masaukin taron ceto duniya ga shi yana buɗe sabuwar rijiya. Wannan magana ce ta gaskiya, an kuma yi ta har ta isa. Ni abin da ya ɗauki hankalina shi ne abin da ke shimfiɗe a ƙasan wannan ruwa, wanda masu goyon baya da masu adawa duk suke ambata a gurguje su wuce. A ganina labarinsa ya fi shafar mu da ke cin kifin Tema da Elmina fiye da rijiyar kanta.

Mun san gansakuka, koren abin nan mai santsi da ke kama bakin rijiya da gefen kwata. A teku akwai danginta ja, kuma a cikin jajayen akwai wata da ke jan sinadarin alli daga ruwa tana cusa shi a jikinta har ta yi tauri kamar dutse. Sinadarin nan shi ne dai na allin da muke rubutu da shi a allo da na ƙwanson ƙwai. Wani lokaci takan manne a kan dutse kamar an shafa fenti ruwan hoda. Wani lokaci kuma ba ta manne da komai, sai ta dunƙule ta zama 'yan ƙwallaye masu rassa, daga girman goro zuwa girman lemo, ruwa na ɗan juya su. Masu bincike na kiran ƙwallayen nan rodolit, masuntan yankin Bretagne na Faransa kuwa suna ce musu maerl. In ka ɗauki ɗaya a hannu za ka rantse tsakuwa ce. Alhali tana da rai, da hasken rana take ci kamar kowane tsiro. Ta ma fi kowane tsiron teku haƙuri da ƙarancin haske: a 1985 an ba da rahoton samun irinta a zurfin mita 268 kusa da tsibiran Bahamas.

Amfaninta yana cikin ramukan da ke tsakanin rassan. Ƙasan teku mai yashi zalla kamar fili ne fetal, ƙaramin kifi ba shi da wurin ɓuya. Amma inda ƙwallayen nan suka taru suka rufe ƙasa, sai wurin ya zama kamar unguwa mai lunguna. Tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa da jatan lande da kawa suna samun gida, 'ya'yan kifi suna samun abinci da mafaka har su yi ƙwari su fita. Kifin da ake kamawa a wani wuri mai nisa sau da yawa a irin wannan unguwa ya yi ƙuruciya.

Sai dai akwai abu ɗaya da duk maganar ta rataya a kansa, shi ne saurin girma. Reshen wannan gansakuka yana ƙaruwa da kamar milimita ɗaya a shekara, wani lokaci rabin haka. Yaron da na karɓa a aji ɗaya na firamare, kafin ya gama JHS shekara tara ke nan, reshen bai kai faɗin farcen ɗan yatsansa ba. Shimfiɗar da ta yi kauri kuwa aikin dubban shekaru ce, rayayyu a sama, matattun kakanninsu a ƙasa. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, don da shi za mu auna duk wani alkawarin gyara da biyan diyya.

Barazil ce ta fi kowace ƙasa arzikin wannan abu. A 2012 masu bincike suka auna shimfiɗar da ke tekun Abrolhos, a kudancin jihar Bahia, suka samu ta kai murabba'in kilomita kusan 20,900, wato ta ninka yankin Greater Accra fiye da sau shida, kuma tana samar da sinadarin alli kimanin tan miliyan 25 a shekara. Bahia ɗin nan fa ba baƙuwarmu ba ce. Can aka kai Hausawa bayi har suka shirya bore a 1807, can aka yi boren Musulmi na 1835, daga Barazil ɗin ne kuma mutanen Tabom suka sauka Accra. Wannan dai ratse ne.

Na bakin Amazon ya fi ba da mamaki. Littattafai sun daɗe suna koyar da cewa inda babban kogi ke zuba laka, irin waɗannan halittu ba sa rayuwa, saboda ruwan ya yi duhu. A Afrilun 2016 sai ga Rodrigo Moura na Jami'ar Tarayya ta Rio de Janeiro da abokan aikinsa sun wallafa cewa akwai wani tsari na duwatsu masu rai da ya miƙe kusan kilomita 1,000, daga iyakar Guyana ta Faransa zuwa jihar Maranhão, mai faɗin murabba'in kilomita 9,500. Mafi yawansa rodolit ne da soson teku, murjani kaɗan ne. Sun ƙirga nau'in soso sama da 60 da nau'in kifi 73. Sai a Janairun 2017 aka ɗauko hotunansa na farko da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa, a wata tafiya da ƙungiyar Greenpeace ta shirya. Bayan shekara guda wani binciken ya ce girmansa zai iya kaiwa murabba'in kilomita 56,000. Ku duba tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu. Filayen mai na yankin kuwa an riga an yi gwanjonsu tun 2013, shekara uku kafin duniya ta ga taswirar farko. An sayar da gona kafin a zagaya ta.

A nan ya kamata a yi adalci ga Petrobras, don masu fafutuka ba kasafai suke yi ba. Rijiyar tana cikin ruwa mai zurfin kusan kilomita uku, inda ko ɗigon haske ba ya kaiwa, saboda haka bakin injin haƙa ba zai huda shimfiɗar gansakukar ba. Ita tana can inda ruwa bai yi zurfi sosai ba. Akwai ma masana ilimin ƙasa a Barazil da ke cewa babban ɓangaren tsarin tsohon gini ne da ya daɗe da mutuwa. Hujjar Lula ita ma ba ta wasa ba ce: Amapá jiha ce matalauciya, maƙwabciyarsu Guyana ta samu mai a 2015 ga shi tana ta ƙirga kuɗi, me zai sa su su zauna suna kallo? Duk wanda ya ga murnar da aka yi a ƙasar nan a 2007 da aka gano filin Jubilee zai gane wannan magana. Hatsarin rijiyar shi ne malalar mai, a wurin da ruwa ke gudu da ƙarfi ƙwarai, ga nisa da tashoshin agaji. Wannan na daga cikin dalilan da IBAMA ta kafa a 2023. Hatsari ne na gaske, amma na "in ya faru" ne.

Abin da ya kashe irin wannan shimfiɗa a inda aka tabbatar ta mutu ba malalar mai ba ne. Abubuwa ne na yau da kullum, masu lasisi, waɗanda ba sa shiga labarai.

A Bretagne an shafe shekaru aru-aru ana kwasar maerl ana zubawa a gona don ya kashe tsamin ƙasa, kamar yadda ake yi da farar ƙasa. Muddin da hannu da ƙananan jirage ake yi, abin bai yi muni ba. Da aka kawo jiragen da ke zuƙe ƙasan teku da bututu, sai kwasa ta kai kusan tan 500,000 a shekara, ana yin taki da abincin dabbobi da matatar ruwan sha. Wanda bututun bai zuƙe ba, ƙurar da ya tayar ta sauka a kansa ta toshe masa haske. Shimfiɗar tsibiran Glénan ta lalace a idon masu bincike. Faransa ba ta dakatar da kwasar ba sai a 2013. A Falmouth ta Ingila an daina a 2005. Barazil kuwa har yanzu ana kwasa a gaɓar Maranhão don taki da abincin shanu, da izinin hukuma.

Na biyu shi ne jan ƙarfe da koma a ƙasan teku. A yankin Clyde na Sikotland, Jason Hall-Spencer da wani abokin aikinsa sun gwada abin a aikace. Suka ja irin manjagarar ƙarfen da masu kamun kawa ke ja a kan shimfiɗar da ba a taɓa taɓawa ba, sannan suka riƙa komawa suna dubawa. Sakamakon da suka wallafa a 2000 ya nuna fiye da kashi 70 cikin ɗari na rayayyar gansakukar ya mutu, bayan shekara huɗu kuma babu alamar farfaɗowa. Manjagarar tana farfasa ta, tana kuma birkice ta ta binne mai rai a ƙarƙashin laka. Aikin 'yan mintoci ke nan. Shi ya sa a 2006 Tarayyar Turai ta haramta jan koma a kan irin wannan shimfiɗa a tekun Bahar Rum. Mutanen tsibirin Arran kuma suka yi shekaru suna matsa wa gwamnatin Sikotland lamba har a 2008 ta ware musu wani ɗan yanki na Lamlash Bay, bai kai murabba'in kilomita uku ba, inda ba a kama komai. Mutanen gari ne suka nema, ba daga sama aka saukar musu ba.

Na uku laka ce daga tudu. A Nuwamban 2015 madatsar dattin ma'adinai ta fashe a Mariana, a jihar Minas Gerais, mutum 19 suka rasu, lakar ta bi Kogin Doce fiye da kilomita 600 ta shiga teku a kudu da Abrolhos. Halittar da ke rayuwa da haske, in ka rufe ta da taɓo ka gama da ita ko da babu guba a ciki. Sai kuma na huɗu da ke tafe a hankali: teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da muke fitarwa, abin da ke ƙara masa tsami, tsami kuwa yana narka alli. Duk ɗalibin da ya taɓa jefa alli a ruwan lemon tsami ya ga abin da nake nufi. A tsibirin Ischia na Italiya, inda iskar kabon ke ɓuɓɓugowa daga ƙasan teku, binciken 2008 ya nuna jar gansakukar nan tana raguwa yayin da kake matsawa kusa da maɓuɓɓugar, har ka rasa ta. A nan ne man da za a haƙo ya dawo cikin lissafi, ta bayan gida.

To, ina ruwanmu?

Da fari dai, gaɓar arewacin Barazil da tamu gaɓar ɗaya ce a da, kafin nahiyoyin biyu su rabu kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Kamfanonin mai sun san haka sarai. Bayan an gano Jubilee a 2007, sai Tullow ya tsallaka ɗaya gefen yana neman tagwayensa, ya kuma haƙa rijiyar Zaedyus a tekun Guyana ta Faransa a 2011. Wato rububin da ake yi yanzu a bakin Amazon yana da tushe a Cape Three Points. Su masu mai suna kallon gaɓoɓin biyu a taswira guda. Masu kare teku ne ba su koyi yin haka ba tukuna.

Na biyu, halittar tana gefenmu. An rubuta samuwar shimfiɗun rodolit a São Tomé da Príncipe da kuma Cape Verde. Jar gansakuka mai alli tana manne a duwatsun gaɓarmu, duk wanda ya duba dutse a lokacin da ruwa ya ja baya a yammacin ƙasar nan zai ga ruwan hodar. A 2012 kuma jirgin bincike na Norway, Dr Fridtjof Nansen, ya ci karo da wani tudun murjani a tekunmu na yamma, a zurfin kimanin mita 400, tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, tsayinsa mita 70. Murjani dabba ce, ba gansakuka ba, amma darasin ɗaya ne da na Amazon: abu mai tsayin bene hawa ashirin yana zaune a ruwanmu, sai bayan shekara biyu da fara tuƙo man Jubilee aka gan shi.

Na uku, duk abubuwan da suka kashe shimfiɗun Turai muna da su, ban da kwasar taki. Manyan jiragen da ke jan koma a ƙasan teku suna nan, kuma ƙungiyar EJF ta ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin ɗari nasu na kamfanonin China ne da ke fakewa da sunayen 'yan ƙasa. Ita ce ta ƙiyasta cewa a 2017 kifi kusan tan 100,000 ya sauka ta hanyar saiko, cinikin nan na ɓoye da ake yi tsakanin jirgi da kwale-kwale a tsakiyar ruwa. Tarayyar Turai ta ba mu katin gargaɗi a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a 2021. Laka kuwa, wanda ya tsaya a Shama ya ga launin Kogin Pra, ko a kusa da Axim ya ga na Ankobra, ba ya bukatar a yi masa bayani. Muna maganar galamsey a matsayin matsalar ruwan famfo da gonar koko. Ruwan nan mai kama da kunun kanwa ba a bakin kogi yake tsayawa ba, cikin teku yake shiga ya kwanta a kan abin da ya tarar.

Mu mutanen zango ba masunta ba ne galibi, amma masu ci ne kuma masu sayarwa. Kifi shi ne kusan kashi 60 cikin ɗari na naman da ake ci a Ghana. Uwar gida a Nima ko Aboabo da ke auna amane don shito, da 'yar kasuwar da ke ɗaukar banda zuwa Tamale da Bawku, su ne ke fara jin ƙarancin a aljihu, tun kafin wani masani ya rubuta rahoto.

Abin da nake ganin muna kuskurewa shi ne mun dogara da hutun lokaci. Masuntan gaɓarmu suna hutawa ranar Talata tun kaka da kakanni, gwamnati kuma tana rufe teku ga manyan jirage a Yuli da Agusta. Wannan yana taimakon kifin da ke ƙwai a wannan lokaci, don kifi na hayayyafa cikin shekara ɗaya ko biyu. Amma ga abin da ke ƙaruwa da milimita ɗaya a shekara, hutun wata biyu daidai yake da babu. In jirgi ya ja koma sau ɗaya a Satumba, ya shafe abin da hutun shekara hamsin ba zai mayar ba. Irin wannan wuri hurumi yake bukata, a shata shi a ce nan ba a jan ƙarfe ko da yaushe, kamar yadda ba a noma maƙabarta wai don damina ta yi kyau.

Shi ya sa abu biyu da suka faru a gida suka fi mini muhimmanci fiye da duk jawabin da wakilanmu suka yi a Belém. Sabuwar dokar kamun kifi da Shugaba Mahama ya sa wa hannu a Agustan 2025 ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa masu kwale-kwale daga mil shida na ruwa zuwa mil 12. Wannan shi ne ruwa mara zurfi da haske ke kaiwa ƙasansa, wato daidai inda irin waɗannan halittu ke zama. Ko da masu dokar don rikicin masunta suka yi ta, ta zama kariya ga ƙasan teku. Sai kuma shirin ware hurumin teku na farko a tarihin ƙasar nan a yankin Cape Three Points, wanda ke cikin alkawarin da ƙasashe suka ɗauka a Montreal a 2022 na kare kashi 30 cikin ɗari na tudu da teku kafin 2030.

Amma layi a takarda ba ya tare jirgi. Tsohon layin mil shida ma ai ana tsallake shi da dare, masunta sun sha faɗa. A 2019 wani jami'in sa ido da gwamnati ta ɗora a ɗaya daga cikin jiragen nan ya ɓace a teku, wannan kuwa ya isa ya sa sauran jami'ai su riƙa kau da kai. A Afrilun 2025 ministar kamun kifi, Emelia Arthur, ta dakatar da lasisin jirage huɗu na shekara guda, abin a yaba. Sai dai tara da dakatarwa duk bayan ɓarna suke zuwa, kuma mun riga mun yi lissafin abin da bayan ɓarna ke nufi a nan.

Jiragen nan duk doka ta tilasta musu ɗaukar na'urar da ke nuna inda suke, bayanan kuma suna hannun Hukumar Kamun Kifi. Babu abin da ya hana a riƙa wallafa su duk wata, kowa ya ga wane jirgi ya shiga cikin mil 12, a wace rana. Kamfanonin mai su ma suna da hotunan ƙasan tekunmu da suka ɗauka kafin su shimfiɗa bututu, hotunan da Jami'ar Cape Coast da ta Legon za su yi shekaru ba su tara kuɗin ɗaukar irinsu ba. Ana iya sa miƙa su ga jami'o'in ya zama sharaɗin sabunta lasisi. 'Yan majalisar da ke wakiltar Ayawaso da Asawase suna da damar yi wa minista tambaya a zauren majalisa kamar na Elmina da Axim, kuma masu zaɓensu suna sayen kifin nan kullum safiya.